Hannun da Ya Daina Jin Carbi



Waɗanda suka saba karanta mu a wannan shafi sun san ba mu cika wuce maganar gyaran masallaci da ta makarantar yara ba. To yau babur ne ya kawo mu, shi da hannun da ke riƙe shi. Kada wani ya ce Liman ya ajiye limanci ya koma kanikanci. Wani abu ne ya same mu, muka ɓoye shi kusan shekara guda, daga baya muka gane da yawa daga cikin masu tsayawa a bayanmu da asuba suna ɗauke da irinsa, kowa ya yi gum da bakinsa.

Wata asuba ce cikin hunturun bara waccan. Mun sallame sallah, mun juyo mun fuskanci jama'a, muka zaro carbi daga aljihu kamar kullum. Sai muka ji babban yatsa da manuni na hannun dama ba su san akwai wani abu a tsakaninsu ba. Ido yana ganin 'ya'yan carbi suna wucewa, amma yatsun kamar na aro. Kafin mu kai talatin da uku sai ya suɓuce ya faɗi kan tabarma. Ladan ya ɗauka ya miƙo mana, ya ce, "Allah gafarta Malam, gyangyaɗi ne?" Muka yi murmushi muka ce sanyi ne. Ai kun san mu Hausawa, duk ciwon da muka rasa sunansa, sanyi ne.

Bari mu ɗan koma baya don yaran da aka haifa a nan. Mun sauka a garin nan a 1994, ba a daɗe da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja a ƙarshen 1991 ba. Da tallar kai muka fara, muka koma baro, har Allah ya hore mana ɗan shagon hatsi da albasa da kuka sani a nan Gwagwa. A 2005 muka sayi babur, shi ne dai wannan da yara ke kira Dattijo. Shekara guda bayan haka, a watan Oktoba na 2006, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan birnin tarayya, aka hana acaba shiga tsakiyar gari. Tun daga nan babura suka bar shimfiɗaɗɗun titunan Wuse da Garki da Maitama, suka dawo mana nan gefe: Gwagwa, Karmo, Dei-Dei, Zuba, Kubwa, Mpape, Nyanya, Lugbe. Da Kano ta hana acaba a watan Janairun 2013, da kuma Legas ta ƙara tsananta tata dokar a 2022, duk mun ga sababbin fuskoki sun sauka a unguwa. Babura suka yi yawa, kuma hanyoyin da suka rage musu su ne masu rami da gargada da kwalta mai ɓantare.

Mu ba 'yan acaba ba ne, amma Dattijo bai san hutu ba. Sarin albasa da tumatir a Dei-Dei, lemo da ayaba a Zuba in an yi mana saƙo, ranar kasuwar Karmo, ɗaurin aure, suna, jana'iza, biko, sulhu. In muka haɗa, rana ɗaya mukan yi awa uku ko huɗu hannu na kan ƙarfe. Shekara goma sha takwas ke nan a lokacin.

Abin ya fara ne da mijirya. In muka sauka daga babur sai yatsu su riƙa zuƙi-zuƙi kamar ana tsira musu allura, mu yarfe hannu sau biyu sau uku, ya wuce. Sannu a hankali ya daina wucewa da wuri. Ya zamana cikin dare hannu ke tashin mu daga barci, ya sage, sai mun zauna mun yi ta murza shi. Ɓalla maɓallin riga ya zama aiki. Ƙirga canji a shago, takardun kuɗi biyu su manne mu miƙa ba mu ji ba. Maiɗakinmu ta shafa mana man zafi, ta dafa citta da kanumfari. Wani ya kawo mana sassaƙe. Wani dattijo, Allah ya saka masa da alheri don da zuciya ɗaya ya faɗa, ya ja mu gefe ya ce, "Malam, limanci fa akwai 'yan baƙin ciki, a tashi tsaye." Mun yi addu'a, kuma ba mu daina ba. Amma ko sau ɗaya ba mu kalli Dattijo da zargi ba, alhali kullum muna ganin madubinsa yana kakkarwa har ba a iya gane motar da ke baya.

Abin da ya farkar da mu ya faru ne wata Laraba da yamma. Mun taso daga Dei-Dei da buhun albasa a baya, mun kusa shigowa unguwa, sai wani yaro da bai wuce shekara biyar ba ya biyo akuya da gudu ya faɗo hanya. Muka kai hannu birkin gaba. Wallahi mun san mun ba yatsun umarni, amma ba mu ji sun kama ba, ba mu san ko sun matse ko ba su matse ba. Sai muka taka na ƙafa da ƙarfin tsiya, tayar baya ta ja, babur ya kwanta da mu, albasa ta watse a titi. Tsakanin tayar gaba da yaron nan bai kai kamu ɗaya ba. Jama'a suka taru ana ta sannu, ana tsince mana albasa, uwar yaron ta fito tana ba mu haƙuri tana dukansa. Muka hana ta. Ba ta san wanda ya kamata ya ba da haƙuri ba. Daren nan ba mu runtsa ba. Mu da ake kira in an yi rasuwa mu sallaci gawa, saura ƙiris a sallaci ɗan mutane ta dalilinmu, a kan ciwon da muka sani muka ɓoye.

'Yarmu ta biyu, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta tsaya kai da fata. Ta ce, "Baba, gobe asibiti za mu, ba kemis ba." Muka je. Likita ya auna jini, ya sa aka gwada suga, don a cewarsa ciwon suga ma yana kashe jin yatsu, musamman na ƙafa, kuma mutum na iya daɗewa da shi bai sani ba. Alhamdu lillahi namu lafiya lau. Sai ya ƙwanƙwasa mana wuyan hannu ta ciki da ɗan yatsansa, muka ji abu ya tsarga har ƙarshen manuni kamar wutar lantarki. Ya sa muka lanƙwasa wuyan hannu muka riƙe na minti guda, mijiryar nan ta taso. Ya tambaye mu sana'a. Muka ce kasuwanci da limanci. Ya ce, "Da me kake zuwa kasuwar, Malam?" Da muka faɗa masa, da yawan shekarun, sai ya ajiye biro.

Ga abin da ya bayyana mana, kamar yadda muka fahimta. Akwai wata jijiya da ke ratsa wani ɗan matsattsen lungu a wuyan hannu, ita ke kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe. Akwai wata kuma da ke bi ta gefen tafi, ita ke kula da ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na zobe. In mutum ya lanƙwasa wuyan hannu ya damƙe ƙarfe mai jijjiga awa da awanni, shekara da shekaru, jijiyoyin nan suna matsuwa su gaji. Ƙananan hanyoyin jini na yatsu su ma suna taɓuwa, shi ya sa wasu in sanyi ya buga su sai kan yatsunsu ya ɗashe ya yi fari, in jini ya dawo kuma ya yi zogi. Ya ce in an farga da wuri abin yakan yi sauƙi sosai, in kuwa aka bar shi ya daɗe, akwai jin da ba ya dawowa. Ya ba mu wani abin ɗaure wuyan hannu da za mu riƙa kwana da shi don kada ya lanƙwashe cikin barci. Da za mu fita ya ce, "Malam, ka kawo hannu wurin likita. Saura ka kai babur wurin nasa."

A hanya 'yarmu ta ba mu labarin da ta karanta. Ta ce ciwon nan ba sabo ba ne a duniya. A 1918 wata likita a Amurka mai suna Alice Hamilton ta binciki masu sassaƙa dutse da gudumar iska a garin Bedford na jihar Indiyana, ta samu mafi yawansu yatsunsu suna mutuwa. Abu uku ta ɗora wa laifi: jijjigar ƙarfen, da damƙar da ake yi masa, da sanyi. Ta ce a Ingila ma tun 2005 akwai dokar da ta ƙayyade yawan jijjigar da mai aiki zai bari ta shiga hannun ma'aikacinsa a wuni. Muka yi shiru muna tunanin 'yan'uwanmu masu fasa dutse a Mpape, da masu injin yankan katako a Dei-Dei, da masu injin markaɗe na bayan masallaci. Jijjiga, damƙa, sanyi. Duk ukun mun haɗa su a kan Dattijo kowace safiyar hunturu.

Muka kai shi wurin wani bakanike a nan unguwa, yaro ne da ya yi karatun allo a hannunmu. Ranar mu muka zama ɗalibai. Ya ce, "Allah gafarta Malam, jijjiga iri biyu ce, sai mun san wacce ke damunka. Akwai ta inji, akwai ta ƙafa." Ya ɗora babur a kan jak, ya sa shi firi, ya ce mu riƙe kai, ya ba shi wuta a hankali. Da inji ya kai wani mataki sai muka ji zuzzz a tafi. Ya ce wannan ta inji ce, da wuta take tashi, da wuta take sauka. Sannan ya ce in mutum yana tafiya a hanya mai kyau inda babu cunkoso, ya kama kuloci ya saki totur ya bar babur ya gangara: in jijjigar ta ɓace, inji ne, in tana nan, to a duba taya da rim da boris da sarƙa. Namu, da aka gwada, duka biyun ne.

Ya ce babur mai fistin ɗaya, irin waɗanda suka cika garin nan, ko sabo ne fil sai ya yi 'yar jijjiga, don fistin ɗin hawa da sauka yake yi shi kaɗai. Wannan halittarsa ce, ba laifin wani kamfani ba ne. Abin da tsufa da sakaci ke yi shi ne su buɗe wa jijjigar hanya ta iso hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ya fara da notocin da suka ɗaure inji a jikin babur. Biyu sun yi sako-sako, ɗaya kuma ramin da yake ciki har ya faɗaɗa saboda daɗewar da ya yi yana wasa. Ƙarfen da ke riƙe salansa ya tsage, an taɓa ɗaure shi da waya, mu muka sa aka ɗaure kuwa. Ya sake fulogi, ya wanke kafireta da matatar iska, ya daidaita tafet, ya juye baƙin mai wanda ya riga ya koma kamar kwalta. Ya ce injin da ba ya ƙona mai daidai yana tangal-tangal, kuma hannu ne ke shan wannan tangal-tangal ɗin. Ya ƙara da cewa in an yi duk wannan inji bai daina bugu daga ƙasa ba, to boris ɗin karanshaf ne ya ci, sai an buɗe inji. Namu Allah ya taƙaita, bai kai can ba.

Sai sarƙa. Mu a tunaninmu sarƙa in ta yi tsam-tsam ita ce mai kyau. Ya ce a'a, ana so ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Ya juya taya a hankali ya nuna mana yadda tamu take tamƙewa a wani wuri ta saki a wani, alamar ta ci ba daidai ba. Haƙoran siforoket sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya. Ya ce a sauya su tare, don sabuwar sarƙa a kan tsohon siforoket asarar kuɗi ce. A cikin tayar baya kuma akwai wasu robobi da ke shanye fizgar sarƙa. Namu sun marmashe.

Da ya zo kan tayar gaba sai ya yi dariya. Ya aro ma'aunin iska ya gwada, ya ce, "Malam, wannan ai dutse kake hawa." Mun saba mu ce wa mai faci ya cika ta tam saboda kaya, shi kuma ya buga ta da hannu ya ce ta yi. Ashe tayar gaba ita ce katifar farko tsakanin rami da hannu. A yawancin ƙananan baburan nan ta gaba wajen 25 take so a ma'auni, ta baya wajen 30 ko sama kaɗan in da kaya, kuma galibi an rubuta adadin a jikin babur kusa da sarƙa ko a takardarsa. Tamu ta gaba ta haye haka nesa. Ya juya ta muka ga rim yana rawa, wayoyinsa uku sun saki. Tifu kuwa faci a kan faci har biyar. Ya ɗaga gaban babur ya girgiza ƙafafun, muka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin wuya ke nan ya bushe babu giris. Man shokazoban gaba kuwa, tun da muka sayi Dattijo ba a taɓa sauya shi ba, don ba mu ma san akwai mai a ciki ba.

Daga ƙarshe ya zo kan shi kan babur ɗin. Ya lanƙwashe kaɗan tun wata faɗuwa da muka yi shekarun baya, shi ya sa hannun dama ke zama a karkace. Robar riƙo ta bushe ta yi santsi kamar ƙaho, dole mutum ya damƙe ta da ƙarfi. Ya sauya kai, ya sa sabuwar roba mai taushi. Muka ce a naɗa mana soso da tsumma a kai ta yi kauri sosai. Ya ce kada ta wuce abin da yatsu za su zagaye cikin sauƙi, don in ta yi kauri da yawa hannu zai ƙara wahala wajen kama birki. Ya sassauta hannun birki da na kuloci ya ɗan sunkuyar da su ƙasa, yadda in mun miƙa yatsu wuyan hannu zai tsaya a miƙe da damtse. Wannan gyara ko sisi bai ci ba, kuma yana cikin waɗanda muka fi jin amfaninsu.

Sannan ya yi wata dabara. Kan babur bututu ne, ƙarshensa biyu su ne suka fi kaɗawa, kamar yadda ƙarshen sanda ke yi in an girgiza ta. In aka ƙara wa ƙarshen nauyi sai kaɗawar ta lafa, shi ya sa manyan babura ke zuwa da wani dunƙulen ƙarfe a kowane gefe. Ya sa mai walda ya yanko guntayen rodi biyu masu tsawo ɗaya, ya naɗe su da robar tifu, ya cusa su cikin bututun suka zauna daram. Ya gwada totur sau da yawa ya tabbatar yana komawa da kansa in an sake shi, ya ce wannan shi ne sharaɗi, don totur ɗin da ya maƙale ya fi jijjiga haɗari. Ya ce wasu busasshen yashi suke ɗurawa su toshe, wasu kuma su narka dalmar tsohon batir su zuba. Ta dalma muna roƙon ku da girman Allah ku bari. Ba mu manta abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara wajen 400 suka rasu. Kada a narka ta a tsakar gidan da 'ya'yanmu ke rarrafe.

Duk wannan ba rana ɗaya muka yi shi ba, aljihu ba zai ɗauka ba. Mun fara da abin da sifana kaɗai ke gyarawa: ɗaure noti, rage iska, daidaita sarƙa, juya hannun birki. Sauran muka bi su ɗaya bayan ɗaya cikin wata biyu, mukan ɗauko kayan a Zuba in mun je sari. Shawara ɗaya: boris da taya kada a bi araha. Araha ba ta ado.

Saura gyaran mahayi, wanda ya fi na babur wuya, don mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ba ya son a koya masa abin da yake ganin ya iya. Mun koyi sassauta riƙo, a riƙe kai kamar an riƙe ɗan tsako, ba zai kuɓuce ba kuma ba za a murƙushe shi ba. Mun koyi lanƙwasa gwiwar hannu kaɗan, da matse tanki da cinyoyi, don nauyin jiki ya bar tafin hannu. Mun daina barin inji yana kururuwa a ƙaramar giya, mun kuma daina jan sa a babbar giya yana shaƙewa. Kowane babur yana da inda yake tafiya sumul, mai shi ya nemo wurin. Mun rage lodin da ke sa gaba ya yi sama mutum ya yi ta kokawa da kai. In tafiya ta kai rabin awa mukan tsaya minti biyar, mu buɗe yatsu mu rufe, mu yarfe. Da hunturu muna sa safar hannu, kuma maiɗakinmu tana ɗan ɗumama mana ruwan alwalar asuba. Masu shan taba kuma, likita ya ce taba tana ƙara tsuke hanyoyin jinin nan, ga wani dalilin bari a kan dalilan da kuka riga kuka sani.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ce mun warke sarai ba. Barcin dare ya dawo, madubi ya daina rawa, birki muna jin sa a yatsu. Amma kan manuni har yau in sanyi ya yi yawa yakan yi dundum, kamar da safa a kansa. Wannan shi ne kuɗin shekarar da muka yi muna cewa sanyi ne. Mun karɓa, mun gode wa Allah da ya tsaya nan.

Bayan mun samu sauƙi, wata rana bayan sallar isha'i muka ce jama'a su ɗan dakata. Muka ba su labarin nan tun daga carbi har yaron da akuya. Sannan muka ce duk wanda hannunsa ke mutuwa in ya sauka daga babur ya ɗaga. Aka yi shiru, kowa yana satar kallon na kusa da shi. Wani magidanci ya fara ɗagawa, sai ga hannuwa ta ko'ina, har da yaran da ba su rufa ashirin da biyar ba. Da aka watse wani saurayi ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran mu. Ya ce, "Baba Liman, ni nawa har kofin shayi yana faɗuwa. Amma mashin ɗin ba nawa ba ne. In na ce a gyara, maigida ya ce in cire a nawa. In na huta, balas na nan yana jira. Ga iyaye a gida suna jiran aike." Muka tambaye shi yadda yake jurewa. Ya sunkuyar da kai. Mun gane, ƙwaya ce, tiramadol ɗin nan da ta addabe mu. Ba don maye ya fara ba, don ya daina jin hannunsa ne ya kai dare. To hannun da dama ba ya ji, an ƙara kashe shi, ga fasinja a baya, ga 'ya'yanmu a bakin titi.

Wannan maganar ce ta sa muka ɗauki biro. Mun san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Sabon babur, ko Boxer ne ko Jincheng ko wanne, ya fi ƙarfin talaka. Kowa tsohon nasa yake lallaɓawa, kuma kuɗin gyara shi ne abu na farko da ake yankewa. Amma ku alhazanmu masu ba da babura haya, da yawanku muna sahu ɗaya da ku, ku saurare mu. Malamanmu sun karantar da mu cewa jiki amana ne, kuma wanda ke aiki a ƙarƙashinka shi ma amana ne a wuyanka. Babur in ya mutu ana sayar da ƙarfensa a sayi wani. Yaron nan in jijiyar hannunsa ta mutu, da me zai riƙe fartanya in ya koma gida? Ku ɗauki gyaran inji da taya da boris a kanku. Ku yafe balas na rabin wuni sau ɗaya a wata a kai mashin wurin bakanike. Wallahi ba zai rage muku arziki ba, kuma babur ɗin ma zai fi daɗewa.

Ku kuma samari, ku daina ɓoyewa. Faɗin ciwo ba ragwanci ba ne. In hannu yana tashin ka da dare, in abu yana suɓuce maka, in tsokar gindin babban yatsa ta fara ramewa, in yatsu suna ɗashewa da sanyi, ka je asibiti, ka ce a gwada maka suga ma. Akwai babban asibiti a Kubwa, akwai na koyarwa a Gwagwalada, akwai ƙananan na kusa da mu da za a fara da su. Abu ɗaya kuma da likita ya ja kunnenmu a kai, kowa ya riƙe shi: in mutuwar hannu ta zo farat ɗaya, ta haɗa da ƙafa ta gefe guda, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan ba ta babur ba ce, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye, a ɗauki mutum a yi asibiti da shi nan take.

Mu a namu ɓangaren, kwamitin masallaci ya sayi ma'aunin iska guda, an ajiye shi wurin mai facin bakin hanya, kowa na iya cewa a gwada masa kyauta. Bakaniken nan kuma ya yi alkawarin duk Asabar ta farkon wata, bayan la'asar, zai zo ƙofar masallaci da sifanunsa ya duba noti da sarƙa da hannun birki, fisabilillahi. Kayan gyara ne kawai mai babur zai saya. Watan jiya babura goma sha ɗaya aka duba, bakwai an samu notin inji a sake. Saurayin nan ma ya zo, kuma mun je mun zauna da maigidansa, ya saurare mu, Allah ya yi masa albarka. Maganar ƙwaya muna kan ta da shi, a sa shi a addu'a.

Yaron da ya biyo akuya yanzu yana aji ɗaya a Islamiyyarmu. Bai san mu da wani abu ba sai Malam mai carbi. Kullum in ya zo gaishe mu ya miƙo ɗan hannunsa, mukan riƙe shi mu ɗan daɗe, muna jin ɗuminsa a yatsunmu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mahaya da fasinjoji da masu tafiya a ƙasa, ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu ranar Asabar, kowa ya turo nasa.

Wassalamu alaikum.